Fanel Bita a Kan Tebur: Masu Sauya Bodin Ƙananan Motocin Roba

Motar Mercury ƙirar 1949 ta haura mita 5 a tsawo. Idan aka rage ta sau 25, sai ta dawo wajen santimita 21, mutum ya ɗauke ta da hannu ɗaya. A Amurka da Japan da Turai akwai mutanen da aikinsu ke nan: su sayi wannan 'yar motar ta roba a kwali, gunduwa-gunduwa, su sa mata zarto, su rage tsayin rufinta, su faɗaɗa ƙugunta, su shafe hannun ƙofa, sannan su gyara ta har wanda ya gani ya rantse haka kamfani ya ƙera ta. Mafi yawansu sha'awa ce ke sa su raba dare a kai. Kaɗan daga cikinsu kuwa da ita suke ci, suke biyan haya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji yana kallon fanel bita yana shafa fila yana gogewa ya riga ya san rabin aikin. Sauran rabin shi ne a yi wannan duka da reza da hantsaki, a kan bodin da kaurinsa bai wuce milimita 1 da ɗoriya ba.

Tushen kayan aikin wata roba ce mai tauri, folistarin. Tana zuwa masana'anta ƙwaya-ƙwaya, a narkar da ita, a ɗura ta da ƙarfin inji cikin mazubin ƙarfe. Idan ta huce sai sassan mota su fito maƙale da firam: bodi daban, kujeru daban, sitiyari, salansa, bamba, gilasai, wani kwalin guda ɗari da wani abu. Sassaƙa wannan mazubin ƙarfe shi ne babban kuɗin, don haka kamfani ba ya ƙera sai motar da ya tabbatar dubban mutane za su saya, kuma a yadda kowa ya san ta. Wanda yake son tasa ta fita daban, ko yake son irin motar da mahaifinsa ya taɓa hawa, da irin bambarta da irin tayoyinta, dole ya gyara da hannunsa ko ya biya mai gyara. A wannan giɓin sana'ar take zaune.

Cibiyar ƙera irin waɗannan kwalaye a Japan ita ce yankin Shizuoka, wanda tun da can aka san shi da masassaƙa. Can Tamiya yake, da Aoshima, da Hasegawa, da Fujimi, kuma duk watan Mayu ana babban baje kolinsu a birnin Shizuoka. Tamiya ma da katako ya fara a 1946, kafin ya koma roba. Sun kai inda suka kai wajen bin ƙa'ida: lokacin da za su fitar da Porsche 934 a ma'aunin 1/12 a shekarar 1976, sai da suka sayi Porsche 911 ta gaske suka warware ta don su auna kayan cikinta. To irin wannan aikin da injiniyoyi suka sha wahala a kai, shi mai gyara yake ɗaurawa a tebur ya yanka. Ni ban ga raini a nan ba. Sai bodi ya fito daidai tun farko ne gyara yake yin kyau a kansa.

Al'adar yankan kuwa daga Amurka ta taso. Kamfanin AMT, wanda aka kafa a jihar Michigan a 1948, da farko ƙananan motocin talla yake yi wa dillalan mota. A 1958 sai ya fara sayar da kwalin da za a iya haɗa motarsa iri uku: yadda kamfani ya yi ta, ko ta kwalliya, ko ta tsere. Wannan ya zo daidai lokacin da samarin Kaliforniya ke yayin sauya fasalin motoci na gaske. 'Yan'uwan nan biyu, Sam da George Barris, su suka gyara wa Bob Hirohata Mercury ɗinsa ƙirar 1951, motar da aka yi gwanjonta a 2022 a kan sama da dala miliyan 2. AMT ya jawo George Barris yana ba shi shawara, Revell kuma ya ɗauki Ed Roth, yana ba shi santi 1 a kan kowane kwali. A 1963 kaɗai Roth ya karɓi dala 32,000. Yi lissafi ka ga yawan yaran da suka zauna da gam da reza a wannan shekarar. Da yawa daga cikin dattawan sana'ar a yau, yaran nan ne.

Kayan aikin ba su cika tebur ba. Akwai wuƙa mai tsinin reza, da ɗan zarto mai ƙananan haƙora, da magagari iri-iri, da hantsaki, da 'yan tsinken huda waɗanda wani bai kai rabin milimita ba. Akwai samfefa tun daga mai kaushi lamba 400 har zuwa 2000, da ƙyallen goge fenti da ke kaiwa 12000. Akwai fallayen farar roba na Evergreen ko na Tamiya, masu kaurin rabin milimita ko milimita 1, su ne a matsayin falangen ƙarfe. Gam ɗin ma ba irin wanda aka saba ba ne. Ruwa ne tsululu, narkar da fuskar robar yake yi sassa biyu su zama abu ɗaya, wato walda ce ba wuta. Abu mafi tsada a teburin shi ne ƙaramar bindigar feshi da kwamfuresarta.

Babban gwajin mai wannan aiki shi ne rage tsayin rufi, kuma Mercury 1949 ta AMT, wadda ake sake fitarwa tun shekarun 1960, ita ce aka fi koyo a kanta. A mota ta gaske a ce za a cire inci 3 daga ginshiƙan da ke riƙe da rufi. A ma'aunin 1/25, inci 3 milimita 3 ne. Sai a yanko siririn tef mai faɗin milimita 3, a naɗa a kowane ginshiƙi, a yanka sama da ƙasansa. Sabon shiga yakan manta cewa shi kansa zarton yana cin nasa rabon, yankan sama ya ci, na ƙasa ya ci, sai a wayi gari an cire kusan 4 maimakon 3. A irin wannan girma, milimita 1 kusan inci guda ne a mota ta gaske.

Ba a nan wahalar take ba tukuna. Ginshiƙan mota ba a miƙe suke ba. Na gaba sun kwanta baya, na baya sun kwanta gaba, dukkansu kuma sun ɗan karkata ciki. Don haka idan aka sauko da rufin, ba zai hau kan kututturen da aka bari ba: ya yi gajere, ya kuma yi ƙunci. Hanya biyu ce. Ko dai a tsaga rufin, a raba shi biyu ko huɗu, a cike tsakani da fallen roba, ko kuma a ɗan tsaga gindin ginshiƙan a ƙara kwantar da su har su tarar da rufin. Yawanci ana haɗa duka biyun. A Mercury, abin da ake nema shi ne bayan rufin ya gangaro ya shige cikin but ba tare da wani tudu ko kwari ba, kuma shi ya sa akan fi rage baya a kan gaba. Ma'auni yana kai mutum kusa ne kawai. Daga nan sai ya ajiye motar a gefen tebur, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da ita, ya dubi layin daga gaba zuwa baya. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Rufin da aka rage fiye da kima yana sa mota ta zama kamar an taka ta, wanda ba a rage sosai ba kuma an yi ba a yi ba.

Kowace mahaɗa sai an tokare ta daga ciki, da siririyar roba ko guntun waya, in ba haka ba ranar goge fenti za ta buɗe. Sannan ga gilashi. Tagogin da suka zo a kwali sun daina shiga, kuma robar gilashin tana da saurin tsagewa. Na gefe masu sauƙi ne, a yanko su daga fallen roba mai haske. Na gaba da na baya masu lanƙwasa sai an sassaƙa musu ƙirar katako ko ta fila, a gasa roba mai haske ta yi laushi, a danne ta a kai. Revell ya fitar da tasa Mercury ɗin da rufinta a rage tun daga kamfani, kuma ta huce wa mutane takaici. Amma a wurin gasa, masu ido sun san wadda aka saya a rage da wadda aka rage da hannu.

Bayan yanka sai cike. A nan ake gane wanda ya daɗe a aikin. Filar da ke zuwa a bututu, wadda iska ke busar da ita, tana ci gaba da motsewa makonni bayan an ɗauka ta bushe. Mutum ya yi fenti, ya goge, ya ɗauki hoto, bayan wata guda sai layin yankan ya ɓullo a ƙarƙashin fentin kamar tsohon tabo. Ba a gyara shi sai an wanke fentin duka. Saboda haka gwanaye ba sa cike babban rami da ita. Suna cusa guntayen roba da gam, ko su yi amfani da fila mai haɗi biyu irin Milliput ta Birtaniya, wadda ake murzawa a yatsa kuma ba ta motsewa, ko sufa gulu da bekin soda. Shi sufa gulu sai a goge shi da wuri, don in ya kwana ya fi robar da ke kewaye da shi tauri, samfefa ta cinye gefe ta bar shi a tsaye.

Salon Amurka na da, ɓoye aiki ne. A shafe hannun ƙofa, a cire tambarin kamfani, a nutsar da fitilu cikin bodi, a zagaye kusurwar bonet, komai ya zama sumul. Salon Japan na yanzu kuwa nuna aikin yake yi. Irin motocin Kei Miura na Rocket Bunny, da na Wataru Kato na Liberty Walk, da Porsche ɗin da Akira Nakai ke faɗaɗawa, ana yanke bakin mazaunin taya ne a ɗaura wani faffaɗa a kai, a bar kusoshin a fili. Aoshima yana sayar da wasu daga cikinsu a kwali, amma motar da ba a yi mata ba sai hannu. A zana siffar a takarda, a yanko fallen roba, a lanƙwasa, a gina cikinta da fila, a sassaƙa. Yin guda ɗaya ba wuya. Yin na hagu ya zama tagwayen na dama shi ne aikin, kuma shi ya sa ake ajiye takardar da aka zana ta farko a juya ta. Kusoshin kuwa huda ake yi ɗaya bayan ɗaya, a dasa kan kusa mai faɗin rabin milimita da hantsaki. Idan ɗaya ta kauce layi, ita ido zai fara gani.

Goge-goge yana shafe layin ƙofa da na bonet, dole a sake tona su. Ana manna tef mai kauri ya zama jagora, a ja bayan wuƙa a hankali, sau da yawa, ba a danna ba. Tazarar ƙofar mota ta gaske wajen milimita 4 ce, wanda a nan bai kai kashi 1 cikin 5 na milimita ba. Wuƙa ta zame sau ɗaya, an koma kan fila.

Daga nan sai fentin shimfiɗa, ruwan toka, irin Mr. Surfacer. Shi ne alƙalin aikin. Bodin da ake gani lafiya lau, da zarar an fesa masa toka sai duk wani rami da ƙarzuwa su fito fili. A cike, a goge, a sake fesawa, har sai haske ya bi jikin motar bai karye ba. Yana kuma kare robar, don fentin mota mai tina mai zafi yana cin folistarin ya bar fuskarta a yamutse. Masu hankali kan fara gwada kowane sabon haɗi a bayan cokalin roba. Launin kansa ana fesa shi siriri-siriri, domin kaurin fenti ma yana da ma'auni: kashi 1 cikin 10 na milimita a nan daidai yake da milimita 2 da rabi a mota ta gaske, ya isa ya cike layin ƙofa ya dusashe duk wata kusurwa. Ƙura abokiyar gaba ce, damshi yana sa fenti ya yi hazo, feshi daga nesa kuma yana barin fuska gurje-gurje. Bayan ruwan sheƙi na ƙarshe sai jira, mako guda ko fiye. Wasu kan sa bodin a na'urar busar da 'ya'yan itace, a zafi kaɗan, don su rage kwanaki. Sannan a bi da samfefa mai laushi da man gogewa, ana kaffa-kaffa da kusurwoyi, inda fenti ya fi siranta.

Adon ƙarfe mai walƙiya shi ne na ƙarshe, kuma a ganina shi ke raba aikin gwani da na mai koyo ko daga nesa. Bamba da ragar gaba suna zuwa da walƙiyarsu daga kamfani, amma ta cika ƙyalli, ga layin mazubi a jiki, ga tabo a inda aka ɓalle su daga firam. Sai a jiƙa su a bilic walƙiyar ta wanke, a goge layin, a fesa baƙi mai sheƙi, a bi da fentin ƙarfe irin Alclad sama-sama. Gefen tagogi da doguwar sandar da ke bin jikin mota kuwa, Bare-Metal Foil ake sa musu, wani fallen ƙarfe mai gam a baya wanda ya fi takarda siranta nesa ba kusa ba. A yanko, a ɗora, a danne da auduga da tsinken sakace har ya kwanta cikin kowane lungu, sannan a ɗauko sabuwar reza a bi gefen, nauyin wuƙar kaɗai ya isa. Ka tuna a kan fentin da aka yi makonni ana wahala a kai ake jan rezar nan. Akwai alƙalamin Molotow mai ruwan walƙiya, ya fi sauƙi, sai dai yatsa na taɓa shi yake dushewa.

To, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Kwalin mota a Amurka yakan kama daga dala 25 zuwa 50. Ƙarin tayoyi da wili, da sassan ƙarfe sirara, da sitika, da fenti, sau da yawa sun fi kwalin tsada. Mu ɗauka mai gyara ya kashe dala 100 a kaya, ya yi awa 60 a kan mota ɗaya, wanda ba shi da yawa ga aikin da aka yanke rufi, ya kuma yi sa'ar sayar da ita dala 500 a eBay. Kasuwar za ta cire wajen kashi 13 cikin ɗari. Abin da ya rage masa dala 335, wato ƙasa da dala 6 a awa, alhali mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne tun 2009. A Japan ma ana sayar da waɗanda aka gama a Yahoo Auctions da Mercari, ita Mercari kashi 10 take ɗauka. Wanda ya yi suna yana da masu ba shi aiki kai tsaye, su ba da kafin alƙalami, su jira watanni. Mafi daɗin ciniki shi ne mai mota ta gaske da ke son a yi masa 'yar ƙaramarta, da launinta da lambarta, don shi ba ya auna farashin da na kwali.

Masu cin abinci sosai a sana'ar sun gane cewa mota sau ɗaya ake sayar da ita, amma sashen mota ana iya sayar da shi sau ɗari. Mutum ya sassaƙa bodi mai rufi a rage, ko bamba, ko wili, ya yi masa mazubin roba mai laushi, ya riƙa zuba rezin yana fitarwa. Mazubin yana gajiya bayan 'yan gomomin zubi, a sake wani. Yanzu kuma injin 3D ya shigo: a zana sashen a kwamfuta, a buga shi, ko a sayar da zanen kansa ta intanet, mai saye ya buga a gidansa. Wannan ya buɗe ƙofa ga matasa masu iya kwamfuta, ya kuma tsananta tsohuwar cutar sana'ar, wato satar fasaha. Da can sai ɓarawo ya sayi sashenka ya yi masa mazubi. Yanzu zanen kawai zai tura wa wani. Duk da haka inji bai kori hannu ba. Abin da ya bugo yana fitowa da layi-layi, sai an goge, kuma ba kasafai yake hawa bodi ba sai an yi masa gyara.

Jiki ma yana biyan nasa. Ido yana gajiya, wuya da baya suna ƙagewa, yatsu kuma ba sa rabuwa da yankan reza. Ƙurar rezin ba ta da kyau ga huhu, shi ya sa ake goge shi a jiƙe. Ruwan rezin na injin 3D yana sa wa wasu ƙaiƙayin fata da ba ya barin su. Ruwan sheƙi mai haɗi biyu, irin na fentin mota, yana da guba mai taɓa numfashi, takunkumin ƙyalle ba ya tare ta. Bayan duk wannan ga fargabar aikawa: madubin gefe da eriya ba sa jure jifan ma'aikatan ɗaukar kaya, don haka ake ɗaure motar a kan katako ta ƙasa, a sa akwati cikin akwati. Kasuwar Amurka kuma tana tsufa tare da masu ita. Mujallar Scale Auto ta daina fita a 2020, babbar gasar GSL ta birnin Salt Lake, wadda aka fara a 1979, ta yi taronta na ƙarshe a 2023. AMT dai yana nan a hannun kamfanin Round 2 na jihar Indiana, yana sake zuba roba a tsofaffin mazuban da suka haura shekara 50.

Idan wata rana za ka sayi irin wannan mota daga hannun mai gyara, kada hoton sheƙi ya ɗauke maka hankali. Ka ce ya nuna maka hotonta tana ruwan toka, kafin launi, ka kuma tambaye shi da me ya cike yankan, da tsawon lokacin da ta yi a ajiye bayan fenti. Wanda ya yi aikin ƙwarai yana da hotunan, kuma zai ji daɗin an tambaye shi.